Sharhi: Ciyawar teku da kansar hanji, nisan da ke tsakanin farantin gwaji da gadon asibiti

A shekarar 1964 likitoci a Amurka suka yanke wani ƙari daga babban hanjin wata mata mai shekara 44. Wani masani mai suna Jorgen Fogh ya ɗebi ƙwayoyin kansar da ke cikin ƙarin, ya raine su a cikin wani ruwa mai ɗauke da abincin da suke bukata, suka ci gaba da rabuwa suna hayayyafa. Fiye da shekara 60 ke nan ba su daina ba. Sunansu HT-29, ana sayar da su a daskare cikin 'yan kwalabe, kuma ɗakunan bincike a sassan duniya suna yin odarsu kamar kowane kayan aiki.

Duk sanda labari ya karaɗe WhatsApp da Facebook cewa masana sun gano ciyawar teku tana kashe kansar hanji, galibi waɗannan ƙwayoyi ake nufi, su da takwarorinsu irin HCT116 da Caco-2. Wurin da aka yi kisan kuwa wani ɗan farantin roba ne mai ramuka 96, wanda da kaɗan ya fi tafin hannu. Masu binciken ba su yi ƙarya ba. Ɓarnar a hanya take faruwa, tsakanin mujallar kimiyya da wayar mai karatu, inda bayanin farantin kan zube, a bar "tana kashe kansa" kawai. Daga nan sai 'yan kasuwa su karɓa.

Cutar da ake magana a kanta ba ƙarama ba ce. Ƙiyasin Hukumar Binciken Kansa ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya nuna cewa a 2022 mutum wajen miliyan 1.9 suka kamu da kansar hanji da dubura, kuma ta kashe kimanin 900,000. Ita ce ta uku a yawa cikin nau'o'in kansa, ta biyu a kisa. A da ana ɗaukarta cutar tsofaffi, amma a ƙasashe da dama tana ƙara bayyana a jikin waɗanda ba su kai shekara 50 ba. Mutuwar jarumin fim Chadwick Boseman a 2020 yana da shekara 43 ta sa matasa da yawa suka fara jin sunanta, kuma a 2021 kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya rage shekarun fara gwajinta daga 50 zuwa 45. Inda ake da tsoro irin wannan, duk wani labarin magani mai araha daga tsiro yakan sami masu saurare.

Abin da aka gano a faranti

Sinadarin da aka fi magana a kansa shi ne fukoidan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Harald Kylin, ya fara ware shi a 1913. Yana cikin abubuwan da ke ba ciyawar teku mai ruwan ƙasa santsi da yauƙi, kamar na kuɓewa ko karkashi, kuma ana samunsa a nau'o'in da mutanen Japan ke ci kullum, irin su kombu da wakame da mozuku. A zahiri doguwar sarƙa ce ta wani nau'in sukari, wadda aka raɓa wa sinadarin salfa a wurare daban-daban. Na biyu shi ne fukozantin, launin da ke sa ciyawar ta yi ruwan ƙasa. Akwai kuma wani rukuni na sinadarai masu bauri, dangin waɗanda ke cikin ganyen shayi, da su ma ake gwadawa.

Kowace ƙwayar halitta mai lafiya a jikin mutum tana ɗauke da umarnin kashe kanta idan ta lalace ko ta tsufa. Ƙwayar kansa ita ce wadda ta daina bin wannan umarni. Abin da bincike da yawa suka nuna shi ne, idan aka zuba fukoidan ko fukozantin a kan ƙwayoyin kansar hanji a faranti, wannan umarni yakan sake tashi, ƙwayoyin su tsuke, su farfashe, su mutu. Wasu gwaje-gwajen sun nuna sinadaran suna tsayar da rabuwar ƙwayoyin, wasu sun nuna suna rage sakonnin da ƙari ke aikawa domin jijiyoyin jini su tsiro su ciyar da shi. Tun 2004 masu bincike a Jami'ar Hokkaido ta Japan suka ba da rahoton cewa fukozantin yana yin haka ga HT-29 da Caco-2. An kuma dasa irin waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓeraye, aka ba su sinadaran, ƙarin ya girma a hankali fiye da na ɓerayen da ba a bai wa ba.

Akwai wani dalili da ya sa kansar hanji ta fi sauran jan hankalin masu wannan bincike. Fukoidan babba ne ƙwarai, ciki ba ya narkar da shi, kuma ɗan kaɗan ne ke shiga jini idan an sha. Ga kansar huhu ko ta mama wannan babban cikas ne. Ga hanji kuwa yana iya zama fa'ida, tunda abin da jiki bai tsotse ba hanji yake gangarawa, ya haɗu da bangonsa kai tsaye, ya haɗu da ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ciki. Wannan hujja ce mai ma'ana, kuma ita ce ta sa binciken bai zama ɓata lokaci ba.

Sai dai faranti ba ya da hanta da za ta sauya sinadari, ba ya da ƙoda da za ta fitar da shi, ba ya da garkuwar jiki. Ƙwayoyin suna kwance a fili, sinadarin yana jiƙa su na awa 24 ko 48 ko 72, a adadin da yakan ninka abin da zai taɓa isa cikin ƙarin mutum nesa ba kusa ba. A irin wannan yanayi abubuwa masu yawa suna kashe ƙwayar kansa, har da bilicin wanki da ruwan gishiri mai kauri. Tambayar da ke raba magani da guba ita ce ko abin zai kashe mara lafiya ya bar mai lafiya, a jikin mutum mai rai, a adadin da mutum zai iya jurewa.

Wata matsalar kuma daga ciyawar kanta take. Fukoidan suna ɗaya ne da ke rufe abubuwa da yawa. Wanda aka ciro daga mozuku a Okinawa ya bambanta da na ciyawar gaɓar Turai a tsawon sarƙa da yawan salfa, kuma ko a nau'i ɗaya yana sauyawa gwargwadon lokacin girbi, zafin ruwa da hanyar da aka bi aka tace shi. Ɗakunan bincike biyu suna iya buga sakamako a kan "fukoidan" alhali ba abu ɗaya suka gwada ba. Hukumar magunguna kuwa ba ta amincewa da abin da kwalbar yau ta bambanta da ta gobe.

Da aka gwada a jikin mutane

An gwada, amma kaɗan. A 2011 likitoci a Jami'ar Tottori ta Japan suka buga sakamakon gwajin da suka yi da majinyata 20 masu kansar hanji da ta yi nisa, dukkansu suna karɓar kemoterafi. Rabinsu aka ƙara musu fukoidan. Waɗannan sun fi samun sauƙin gajiya, kuma sun iya jure zagayen kemoterafi fiye da sauran. Bambancin tsawon rai tsakanin rukunonin biyu bai kai matsayin da lissafi zai tabbatar da shi ba.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Likitanci ta Kaohsiung a Taiwan, wanda aka buga a 2017. An tsara shi da kyau: majinyata 54 masu kansar da ta bazu, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sha fukoidan, wasu suka sha garin da ba ya da wani tasiri, kuma daga likita har majinyaci ba wanda ya san abin da aka bai wa wa. Dukkansu suna kan magungunan asibiti. A rukunin fukoidan, cutar ta tsaya ko ta ja baya a kashi 92.8 cikin ɗari, a ɗaya rukunin kashi 69.2. Wannan adadi shi ne ke yawo a tallace-tallace. Abin da tallan ba ya faɗa shi ne, a gwajin nan dai, ba a sami bambancin a zo a gani ba a tsawon rai, ko a tsawon lokacin da cutar ta ɗauka kafin ta ci gaba, ko a ingancin rayuwar majinyatan. Kuma a rukunin da bai kai mutum 30 ba, majinyata biyu ko uku sun isa su karkatar da kaso.

Abin lura a gwaje-gwajen biyu shi ne, ba a hana kowa maganin asibiti ba. Ƙari aka yi a kan kemoterafi. Babu wani gwaji da ya nuna ciyawar teku ita kaɗai tana warkar da kansar hanji a jikin mutum.

Masu talla sukan kawo hujjar Japan da Koriya ta Kudu, inda ciyawar teku take cikin miya da shinkafa kusan kullum. Gaskiya ne wani bincike a Koriya ya sami alaƙa tsakanin yawan cinta da ƙarancin kamuwa da cutar, amma irin binciken da ake tambayar mutane abin da suka ci a baya ne, wanda ba ya iya raba tasirin ciyawar da na sauran halayen masu cinta. Alƙaluman ƙasashen kuma ba su taimaki hujjar ba. A Japan kansar hanji ce kan gaba a yawan waɗanda ake ganowa idan aka haɗa maza da mata, kuma ita ta fi kashe mata a cikin nau'o'in kansa. Koriya ta Kudu ma ta daɗe a sahun ƙasashen da cutar ta fi yawa. Tsufan al'umma, sauyin cima, giya da yawan gwaji duk suna da hannu a wannan, amma a fili yake cewa al'ummar da ta fi kowa cin ciyawar ba ta tsira ba.

Akwai ma wani abin mamaki da mujallar Nature ta buga a 2010: bakteriyar da ke hanjin wasu mutanen Japan ta aro ƙwayoyin gado daga bakteriyar teku, waɗanda ke ba ta ikon narkar da wani sukari na jar ciyawar teku, abin da ba a samu a hanjin Amurkawan da aka gwada ba. Idan har wani ɓangare na amfanin ciyawar ya dogara da abin da bakteriyar hanji ke yi da ita, to sakamakon Tottori ba lallai ya maimaitu a Katsina ba.

Abin da teku ta riga ta bayar

Babu dalilin raina teku a matsayin tushen magani, domin ta riga ta bayar. A shekarun 1950 wani masani a Jami'ar Yale, Werner Bergmann, ya gano wasu baƙin sinadarai a cikin soson teku na yankin Karibiyan. Daga nan aka ƙirƙiro sitarabin, wanda aka amince da shi a 1969, kuma har gobe ginshiƙi ne a maganin kansar jini. Tirabektedin ya fito daga wata 'yar halitta mai kama da jaka da ke manne da saiwar itatuwan bakin teku. An fara ganin tasirinta a 1969, ba a gane siffar sinadarin ba sai wajen 1990, Turai ta amince da maganin a 2007, Amurka a 2015. Ana bukatar kimanin tan ɗaya na halittar kafin a sami giram ɗaya, shi ya sa sai da aka nemo hanyar haɗa shi a masana'anta. Eribulin, wanda ake bai wa masu kansar mama, daga wani soso na gaɓar Japan ya samo asali: an gano sinadarin a 1986, maganin ya fito a 2010, kuma haɗa shi yana ɗaukar matakai fiye da 60.

Shekara 20 zuwa 40 ke nan tsakanin ganowa da kanti, kuma waɗannan su ne suka yi nasara. Ciyawar teku ita ma tana da nata tarihin, sai dai bai yi daɗi haka ba. A 1992 aka ba da rahoton halomon, wani sinadari daga jar ciyawa da aka tsinto a Filifins. Cibiyar Kansa ta Amurka ta gwada shi a kan jerin ƙwayoyinta, ya nuna ƙarfi na musamman a kan na ƙwaƙwalwa, ƙoda da hanji, aka zaɓe shi domin ci gaba. Da aka koma neman ƙari, ciyawar da aka ɗebo a wasu wurare ko a wasu lokuta ba ta ɗauke da shi yadda ake bukata, aikin ya tsaya. Kahalalid F, wanda ake samu a wata koriyar ciyawa ta Hawai da kuma dodon koɗin da ke cinta, ya kai mataki na biyu na gwaji a jikin mutane, bai wuce nan ba. Har yanzu hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da ko da maganin kansa ɗaya daga ciyawar teku ba.

Wannan ba abin kunya ba ne ga masu binciken, haka fagen yake. Wani nazari na masana a MIT da ya duba gwaje-gwajen 2000 zuwa 2015 ya ƙiyasta cewa kashi 3.4 cikin ɗari ne kawai na magungunan kansa da suka fara gwaji a jikin mutane suka kai ga amincewa. Waɗanda suka tsaya a faranti da ɓera ba su ma shiga lissafin ba.

Kasuwar da ba ta jira

Tambayar da ta fi shafar siyasa ita ce me ya sa, bayan fiye da ƙarni da gano fukoidan, ba a yi babban gwajin da zai raba gardama ba, na ɗaruruwa ko dubban majinyata. Amsar tana wajen kuɗi. Irin wannan gwaji yana cin miliyoyin daloli, kuma kamfani yakan zuba su ne idan yana da haƙƙin mallakar da zai ba shi damar mayar da kuɗinsa. Sinadarin da kowa zai iya tacewa daga ciyawa yana da wuyar killacewa. Ga kuma hanya mai sauƙi a buɗe: dokar Amurka ta 1994 ta ba da damar sayar da kayan ƙarin abinci ba tare da an tabbatar da cewa suna magani ba, muddin ba a rubuta ɓaro-ɓaro cewa suna warkar da cuta ba. Mai sayar da fukoidan a yau yana cin riba da sakamakon faranti. Babban gwaji zai iya ƙara masa kaɗan idan ya yi kyau, zai iya rushe kasuwarsa idan ya ɓaci. Ba shi da dalilin gaggawa.

A Najeriya ma akwai irin wannan ƙofa. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a kan maganin gargajiya tana nufin an duba cewa shansa ba ya cutarwa, ba ta nufin an tabbatar yana warkarwa, kuma ana wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jikin kwalbar ba. Masu saye ƙalilan ne suka san wannan. Ga mafi yawa, lambar NAFDAC shaida ce ta gwamnati cewa maganin yana aiki. Tallan da ake yi ta sautin WhatsApp da bidiyon TikTok kuwa ba ya ma bi ta gaban kowace hukuma.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Iyalin da aka gaya wa kuɗin tiyata da zagaye shida ko goma sha biyu na kemoterafi, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, ba wauta ce ke kai su ga kwalbar 'yan dubbai ba. Amma farashin wannan zaɓi an auna shi. Masu bincike a Yale sun buga a 2018 cewa majinyatan Amurka da suka zaɓi madadin magani kaɗai, suka bar na asibiti, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. A masu kansar hanji ya ninka fiye da sau huɗu.

Ita kanta ciyawar ba a rasa ta da illa. Wasu nau'o'in suna ɗauke da aidin mai yawan da zai iya dagula aikin halittar wuya da ke haddasa maƙoƙo. A 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su daina cin nau'in hijiki saboda gubar asenik. Fukoidan yana da halin tsinka jini, abin da ke da haɗari ga mai shan maganin hana daskarewar jini ko mai shirin tiyata. Wani abin ban dariya kuma, idan aka farfasa karajinan, sinadarin kauri da ake samu daga jar ciyawa, masu bincike da shi suke jawo wa dabbobi kumburin hanji da gangan, kuma Hukumar Binciken Kansa ta sa wannan farfasasshen nau'i a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa kansa.

Inda ake rasa rayuka

A Amurka, cikin mutum goma da aka gano kansar hanjinsu tun ba ta fita daga hanjin ba, kimanin tara suna raye bayan shekara biyar. Idan ta bazu zuwa hanta ko huhu, adadin ya faɗo ƙasa da biyu. Cutar galibi tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, kuma likita zai iya tsinke shi a lokacin kolonoskofi, wato leƙa hanji da siririn bututu mai kyamara. Ƙalilan ne cikin nau'o'in kansa suke ba da irin wannan dama.

A Najeriya yawancin majinyata suna isa asibiti ne bayan damar ta wuce. Jini a bayan gida, wanda shi ne alamar farko ga mutane da yawa, sunansa basir a bakin kusan kowa, kuma mai lasifika a tasha ko bakin kasuwa yana da maganinsa iri-iri. Watanni sukan shuɗe ana jiƙe-jiƙe, sai rama da kasala da toshewar ciki sun bayyana. Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet ya soma, ba da ta hanji ba. Dokar kafa cibiyar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, tun 2017 aka sa mata hannu, amma sai 2023 cibiyar ta fara aiki. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Binciken da aka yi a cikin gida ya ƙara wani dalili na yin hattara da sakamakon waje. Ƙungiyar ARGO, haɗin gwiwar likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ƙarƙashin Farfesa Olusegun Alatise da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, ta buga a 2021 cewa kansar hanjin 'yan Najeriya ta bambanta da ta Amurkawa. Majinyatan sun fi ƙuruciya, cutar ta fi kama dubura, kuma kimanin kashi 28 cikin ɗari na ƙarin da aka duba suna da wata nakasa a tsarin da ƙwaya ke gyara kurakuran gadonta, kusan ninki biyu ko fiye na abin da aka gani a Amurka. HT-29 da HCT116 da Caco-2 kuwa duk daga jikin majinyata uku a Amurka suka fito, shekaru da dama da suka wuce.

Wannan nakasa ita ce dai wadda sababbin magungunan tada garkuwar jiki suka fi yi wa aiki. A 2022 aka ba da rahoton majinyata 12 masu kansar dubura irin wannan da aka bai wa dostalimab a New York, ƙarin ya ɓace a jikinsu duka. Ke nan wani kaso mai yawa na majinyatan Najeriya suna da irin cutar da aka riga aka sami maganin da ke yi mata aiki sosai, amma gwajin gano ta ba ya samuwa a yawancin asibitoci, kuɗin maganin kuma ya fi ƙarfin kusan kowa. Ko gwajin bayan gida mai araha da ake amfani da shi a Turai sai da aka auna shi a gida: da ƙungiyar ta gwada shi a kan mutum fiye da 2,000 a jihohin Osun, Kwara da Legas, kusan ɗaya cikin biyar ya nuna alamar jini, amma ƙalilan ne aka samu da kansa bayan an leƙa hanjinsu.

Ciyawar da ke bakin gaɓa

Tun 2011 tekun Atlantika take amayo wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ake kira sagasum a gaɓar Saliyo, Gana, Najeriya da tsibiran Karibiyan, tana cika komar masunta, tana ruɓewa a kan yashi. A 2018 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna shimfiɗarta ta kai kilomita 8,850, nauyinta ya haura tan miliyan 20. Dangin ciyawar da ake ciro fukoidan da fukozantin ce, kuma tunda Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikinta a 2023, ba abin mamaki ba ne idan aka fara jin jawabai kan mayar da wannan annoba arzikin magani. Sai dai sagasum ya shahara da tara asenik, saboda haka duk wanda ya shanya shi ya daka ya ɗura a kwalba, guba yake sayarwa har sai an auna.

Duniya tana samar da ciyawar teku wajen tan miliyan 35 a shekara, kusan duka nomawa ake yi, kuma Sin da Indunusiya ke da kaso mafi tsoka. Afirka ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A Zanzibar, inda aka fara noman a 1989 kuma mata ne mafi yawan manoman, busasshiyar ciyawa ake lodawa a jirgi, a tace ta a ƙasashen waje, ribar ta tsaya can. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi raba amfanin albarkatun halittu da ƙasar da aka ɗebo su, amma ƙasar da ba ta da ɗakin binciken da zai san abin da ke cikin ruwanta ba ta da abin da za ta yi ciniki da shi.

Najeriya ta taɓa bin wannan hanya daga tsiro zuwa kanti, kuma ta kusa kaiwa. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani itace, ta daidaita shi, ta gwada shi a kan masu sikila, ta buga sakamakon. Aka sa masa suna Niprisan. A 2002 aka bai wa wani kamfanin Amurka lasisin sarrafa shi, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008. Masu sikilar da suka fara dogara da maganin suka wayi gari babu shi a kanti, kuma sai bayan shekaru aka sake fito da shi da wani suna.